Tankar yaƙi ta telekomand, Tiger I: wata 8 ina fama da ita cikin rairayin Yamai

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da aka ga tankata tana hawan tulin yashin maƙwabcinmu a Bukoki mutane ke ta tambayata, nawa ka saye ta, daga ina aka kawo, tana da ƙwari ko kuwa irin kayan wasan sallar nan ne da ba su kai la'asar. To na gaji da maimaita magana ɗaya a fada, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta duka sau guda, abin da ya burge ni da abin da ya ci mini kuɗi a banza, don wanda ke da niyyar saye ya san cikin mi zai shiga.

Da farko dai ba ƙaramar motar yara ba ce. Kwaikwayon tankar Jamus ce ta yaƙin duniya na biyu, Tiger I, shar kamar yadda sojojinmu ke cewa, an rage ta kashi 1 cikin 16. Ta gaskiyar tsawonta da bakin bindiga ya kai mita 8.45, in ka raba 16 za ka samu wajen santimita 53, to haka tawa take, ta fi rabin mita, in ka ɗora ta bisa tebirin shayi ba sauran wurin kofi. Kamfanin Henschel ne ya ƙera na gaskiyar a garin Kassel daga 1942 zuwa 1944, ba su ma kai 1,400 ba duka duka, nauyin kowace wajen ton 57, bindigarta milimita 88, mutum 5 ke aiki cikinta. Ni abin da ya sa na zaɓe ta cikin sauran shi ne ta taka ƙasar Afirka, an yi yaƙi da ita a Tunisiya, kuma can ne Ingilishi suka kama mai lamba 131 a watan Afrilu 1943, wadda ke gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila yanzu, ita kaɗai ce Tiger I da ta rage tana tashi tana tafiya. Na ce tunda ta san rairayi ai za mu shirya. Ashe da sauran magana.

Tawa ta Sin ce, ta roba, irin mai arahar nan da ake sayarwa a haɗe, sunan kamfanin ba zan kira shi ba don abin da zan faɗa na aibu kusan duk masu wannan farashi haka suke. Masu tsadar akwai su, Tamiya ta Japan na yin irin wannan girman a warwatse kai ne za ka haɗa da hannunka, akwai kuma Armortek a Ingila masu yin kashi 1 cikin 6 da ƙarfe, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, wannan kam sai dai mu kalla a YouTube mu ce Allah ya sa albarka. Wani abokina mai zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kayan telefon shi ya sako mini ita cikin kayansa, na biya jikka 115 kuɗin tankar, kuɗin ɗauko da na duwan suka ƙara wajen jikka 40, kuma ta yi kusan wata 3 a hanya don a lokacin hanyar Kwatano a rufe take, kaya sai sun zagayo ta Lome. Batirin ma daban ya zo, masu kargon jirgi ba su son batirin lityum.

Ranar da na buɗe kwalin gaskiya na ji daɗi ba kaɗan ba. Kana kunna ta sai ka ji ƙarar tashin inji daga wata 'yar lasifika a ciki, hayaƙi na fita ta bututu biyu na baya, kan na juyawa, bakin bindiga na hawa yana sauka, in ka harba sai duk jikin ya ja da baya kaɗan kamar da gaske. Telekomand ɗin 2.4GHz ne, bai taɓa yanke mini ba ko daga wancan ƙarshen layi, pil irin na rediyo yake ci. An zuba mata ƙananan kaya cikin leda, shebur, gatari, igiyar ja, da ɗan soja mai leƙowa ta sama, sai ka yanke su ka manna da kol. Uwargida ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, can ta ce "Maigida, yanzu wannan ne jikka ɗari da hamsin ɗin?" na ce da biyar, ta juya ta koma kicin ba ta ƙara cewa komi ba, wanda ya yi aure ya san ma'anar wannan shirun.

Bisa siminti da karo ba ta da laifi ko kaɗan. Matsalar ta fara ranar da na fitar da ita waje.

Sai ka fahimci yadda take tafiya kafin ka gane inda ciwon yake. Ba ta da sitiyari. Moter biyu ne a gaba, kowane da bwat ɗinsa, wato akwatin pinyon, ƙananan fayafayan nan masu haƙora da ke kai ƙarfin moter ga sarƙa, ɗaya na jan sarƙar dama ɗaya na jan ta hagu, in kana son kwana sai ɗaya ya rage gudu, in kuma kana son ta juya nan inda take tsaye sai ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya. To wannan juyin na tsaye shi ne ya fi komi burge 'yan kallo kuma shi ne ke kashe ta, don a cikin yashi sarƙar ba zamewa take ba, tonawa take tana kwasar yashi da tsakuwa tana cusawa tsakanin ƙafafun, duk nauyin sai ya koma bisa haƙoran pinyon, su kuwa na roba ne. Kwana 9 da fara fita da ita, yara sun taru ina ta yi musu gwaninta, sai na ji kirrrr daga ɓangaren hagu, moter na kuka tanka na zagaye wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka. Da na kwance bis 8 ɗin nan na ɗaga saman, haƙora 4 na pinyon na biyu sun share sumul, garinsu ya cakuɗe da gires da jar ƙasa ya zama kamar kunun tsamiya.

Nan ne na yi kuskuren da nake so kowa ya kauce masa. Da na zo yin odar kayan gyara sai ido ya rufe, na ga hoton sarƙar ƙarfe tana sheƙi, na ce ita zan fara saye, pinyon kuwa na sake ɗauko na roba don sun fi araha. Sarƙar ƙarfe kyau gare ta ba ƙarya, tana lanƙwasowa bisa ƙafafun da nauyinta kamar ta gaske, ƙararta bisa tsakuwa kaɗai ta isa ka ji kuɗinka bai tafi banza ba, amma ta ninka ta roba nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba ta yafiya. Ta roba in dutse ya shiga sai ta ɗan miƙe ko ta fita, ta ƙarfe ba ta miƙewa, abin da ya fi rauni a layin shi zai karye. Sabbin pinyon ɗina ko sati ba su yi ba. Don haka in za ka bi shawarata ga yadda ya kamata a bi: bwat na ƙarfe tukuna, kafin komi, sannan babbar ƙafar gaba mai haƙora da ƙaramar ta baya mai ɗaure sarƙa su ma na ƙarfe, sai daga ƙarshe sarƙar. In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai to bwat, ka bar sarƙar roba, wallahi a yashi ma ta fi sauƙin sha'ani.

Wajen zaɓen bwat ɗin ma akwai abin lura. Akwai mai gudu akwai mai ƙarfi, kuma kowa mai gudu yake so. Amma yi lissafi, Tiger ta gaskiya iyakar gudunta bisa hanya mai kyau wajen kilomita 45 ne a awa, raba 16, bai kai kilomita 3 ba, wato ko tafiyar tsoho mai zuwa masallaci ta fi ta sauri. Yadda ta zo daga kwali tana zabura ne kamar kabu-kabu, abin ba ya kama da tanka sam. Na ɗauki mai ƙarfin, yanzu tana tafiya a natse, tana hawan tudu ba tare da moter ya yi zafi ba, batir ma ya fi daɗewa. Haka nauyi, ton 57 in ka rage shi ta tsawo da faɗi da tsayi, wato ka raba 4,096, zai ba ka kusan kilo 14, tawa kuwa da na kai ta sikelin mai nama bayan duk ƙarafan da na sa kilo 6 da ɗan wani abu ta yi, mai naman ma sai da ya tambaye ni ko a yanka ta ne.

Sai maganar gires, wadda ba wanda ya gaya mini sai da na gani da idona. Duk bidiyon Turawan nan za ka ga suna lafta gires bisa pinyon, su a ciyawa suke wasa. Mu nan gires da ƙurar hunturu in suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa, ƙarfen ma cinye shi suke. Bwat ɗin a buɗe yake zuwa ba murfi, kuma ƙasan tankar akwai ramuka, wajen makunni da wajen da sandar ƙafar gaba ke fita. Abin da na yi, na yanka gwangwanin madara na lanƙwasa shi ya zama murfi bisa kowane bwat, na toshe ramukan da ɗan soso da silikon, gires kuwa ɗan kaɗan a bakin tsinke, kuma duk fita uku sai na buɗe na share da tsohon buroshin haƙori. Ƙafafun waje da sarƙa ba na sa musu mai ko ɗigo, sai dai in goga musu bakin fensir, ya isa. Wani abin dariya shi ne su ma Jamusawan ƙura ta dame su, Tiger na farko farko akwai wasu manyan gwangwanaye a bayanta, matatar iska ce ta Feifel, an sa su don ƙura, tawa ma tana da su amma na ado ne, ba su tace komi.

Ƙafafun tsakiya su ma nasu halin daban. Tiger na da sanda 8 kowane gefe, ƙafafun kuma shiga juna suke kamar an jera faranti, wannan na rarraba nauyi da kyau amma a Rasha laka da ƙanƙara kan daskare tsakaninsu cikin dare su wayi gari tanka ta ƙi motsi. To mu ba mu da ƙanƙara, muna da tsakuwar jar ƙasa 'yar daidai girman gujiya, ita ce ke maƙalewa. In ka ji tafiyarta ta canza ko tana ja gefe ɗaya ka tsaya nan take ka ɗaga ka duba, kar ka ƙara mata wuta. Allurorin da ke haɗa 'ya'yan sarƙar ƙarfe su ma suna zarewa da kansu sannu sannu, na ɓatar da biyu a tudun rairayin bayan Harobanda, ranar da ɗaukarta na yi a ka har bakin hanya, tun daga nan kowace allura sai da na ɗiga mata jan farcen uwargida a kai, ba ta sani ba har yau.

Wani abin kuma da sarƙar ƙarfe ta jawo, ƙasan tankar roba ne, da nauyi ya ƙaru sai ya fara lanƙwasa ta baya wajen ƙaramar ƙafar, sarƙa ta riƙa fita a kwana. Ana sayar da ƙasan ƙarfe gaba ɗaya amma kuɗinsa ya kusa na sabuwar tanka. Na ɗauke ta na nufi Katako wajen wani dattijo mai aikin alminiyom, na ce "Baba, so nake a ɗaure mata ƙugu." Ya juya ta, ya latsa da babban yatsa, ya ce "Yaro, wannan ba ɗauri take so ba, gadon baya take so," ya yanko falle mai kaurin milimita 2 ya auna da ido kawai, ya huda wuri 6, muka ɗaure da bis daga ciki, ya ƙara wata 'yar sanda a gicciye tsakanin ƙafafun baya biyu. Jikka 2 ya karɓa, da ƙyar ma, wai shi daɗin aikin ya ji. Tun ranar sarƙa ba ta sake fita ba sai in ni na yi ganganci.

Batirin da ta zo da shi 7.4V ne, 1800mAh, da kayan roba yana ba ni kamar minti 25, da na sa ƙarfe ya dawo 15 ko ƙasa. Sharjar da aka haɗo da ita kuwa irin mai tsinken USB ce, awanni take ɗauka, in an ɗauke wuta kuma shi ke nan wasan ranar ya tashi. Mai gyaran ordinater na bakin kartiyenmu ya haɗa mini wasu guda biyu da ƙwayoyin batirin lityum masu lamba 18650, biyu biyu a jere, cikakken caji 8.4V, da 'yar kart ɗin kariya don kar su zuƙe ƙasa da ƙima. Don Allah a kula da wannan, batirin lityum da zafin watan Afrilu na Yamai ba sa ga maciji, kar ka bar shi cikin mota, kar ka sa shi caji yana da zafi daga wasa, kar ka sa shi caji ka kwanta, ni cikin tsohuwar tukunyar ƙasa nake ajiye nawa in ina caji. Wanda ya kumbura kuma ba a lallaɓa shi, a rabu da shi. Lokacin zafi ma ba na fita da ita sai da safe ko bayan la'asar sakaliya, don kart ɗin cikin na ɗaukar zafi, robar saman ma in ta daɗe a rana laushi take.

Hayaƙin nan da ya burge ni ranar farko yanzu a kashe yake kusan kullum. Wata 'yar waya ce ke zafi tana ƙona mai da ke jiƙe a lagwani, ɗan famfo na turo shi waje, yana shan batir, a fili da iska ko ganinsa ba a yi, kuma in man ya ƙare ba ka lura ba wayar ta ƙone. Sai in za a ɗauki hoto nake kunnawa.

Bindigar kuwa na cire mata waya gaba ɗaya, kuma wannan ba na neman shawarar kowa a kai. Tana harba 'yan ƙwallayen roba masu milimita 6, da ƙarfinsu, na gwada bisa kwali daga taku biyar ya huda. Unguwarmu in ka fito da abu irin wannan kafin ka ƙirga goma yara ashirin sun kewaye ka, kuma kowane so yake ya durƙusa ya leƙa cikin bakin bindigar, ɗan ƙanena ma da na hana shi cewa ya yi "Kawu ni dai sau ɗaya in ga inda harsashin ke fitowa." Ido ɗaya ya fi tankar nan duka tsada. Ƙarar harbin da ja da bayan suna nan, su sun isa. Akwai tsarin yaƙi na haske marar ganuwa da ake yi tsakanin tanka biyu, in an harbe ka sau kaza sai taka ta mutu na ɗan lokaci, tawa na da shi amma da wa zan yi, ban san wani mai irinta a garin nan ba, in akwai ya yi magana.

Fenti shi ne wurin da na fi jin daɗi kuma na fi kashe kuɗi kaɗan. Ta zo da ruwan toka mai duhu, robar na ƙyalli kamar bokiti. Na wanke ta da omo, na rufe fitilu da lasifika da sikoc, na fesa mata bomb, wato fentin gwangwani, mai ruwan ƙasa irin na hamada, shafi uku sirara maimakon ɗaya mai kauri, da sassafe kafin iska ta tashi don in ƙura ta sauka bisa ɗanyen fenti ka shiga uku. Turawa har garin ƙasa na kwalba suke saye don su sa tankarsu ta yi kamar ta sha hanya, ni kuwa na ɗebo jar ƙasa ƙofar gida na tankaɗe da rariyar kicin, na dama da ɗan ruwa da kol ɗin kafinta, na shafa a ƙafafu da ƙasan jiki da buroshi, gefen ƙarafa kuma na goga fensir ya yi kamar fenti ya goge. Wani tsohon soja da ke zama fadarmu ya daɗe yana kallonta, ya ce saura abu ɗaya, ba a taɓa ganin shar ba jarkar ruwa da bargo a bayanta ba, washegari na ɗinka mata ɗan bargo da guntun atamfa na ɗaure da zare.

To a saya ko kar a saya? In don yaro ne kar ka soma, da wannan kuɗin ka saya masa keke. In kuma kai mai son kwance abu da ɗaurawa ne, kana da turnabis da haƙurin jiran kaya wata biyu uku, to za ka more ta, jikinta da kamanninta da telekomand ɗin duk sun biya kuɗinsu, abin da bai biya ba shi ne bwat ɗin roba da sharjar. Ka dai sa a ranka kuɗin kwali rabin tafiya ne, ni da na tara rasit ɗina kayan ƙarin sun kai jikka 90, cikinsu wajen 15 asarar rashin bin tsari ce. Kuma ka yi odar allurorin sarƙa da 'ya'yanta na ajiya tun tare da ita, don ba shagon da za ka same su nan, na zaga Babbar Kasuwa da Wadata har ana yi mini kallon mai taɓin hankali.

Yanzu abin da ya rage mini, kan ba ya zagayowa gaba ɗaya, yana kaiwa wani wuri ya tsaya saboda wayoyin da ke hawa ciki kar su murɗe, akwai wani zobe da ake sawa wuta ta bi ta cikinsa ya riƙa juyawa ba iyaka, na yi odarsa yana hanya. Sandar ƙaramar ƙafar hagu ta baya ita ma ta fara ɗan lilo, na kai wa mai tur, wato injin fere ƙarfe, samfurinta ya fere mini wata da tagulla, ya ce in dawo ran Asabar.